Farar Riga Ba Ita Ce Nas Ba

Kaka ta yi, amfani ya shigo gida. Daga Yako zuwa Kwanar Dangora, har Tudun Wada da Doguwa, zancen gidaje da yawa yanzu shi ne kuɗin makaranta. Yara sun gama sakandare, iyaye kuwa suna marmarin ganin 'yarsu ko ɗansu ya zama nas. Buri ne mai kyau ƙwarai, gama duk wanda ya taɓa ɗora mai naƙuda a kan babur da tsakar dare ya san darajar ma'aikacin jinya a kusa da gida. Amma kafin ku kwance rumbu, ya ku 'yan'uwa manoma, akwai abin da ya wajaba ku sani. Ba kowace makaranta mai allo a bakin titi ke fitar da nas ba, ba kuwa kowane mai farar riga ne doka ta yarda ya taɓa majinyaci ba.

Wa ke ba da izini?

A Nijeriya hukuma ɗaya tak ke da ikon cewa wance nas ce. Sunanta Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, hedkwatarta tana Abuja. Tun 1930 aka kafa hukumar ungozoma, a 1947 kuma aka kafa ta nas-nas. A 1979 dokar soja mai lamba 89 ta gama su wuri ɗaya. Ita ce ke duba makaranta ta ga ko tana da malamai da asibitin koyon aiki, ita ke yanke yawan ɗaliban da za a ɗauka, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe. Wanda ya ci, sai ta rubuta sunansa a rajista, ta ba shi lasin, watau takardar izinin aiki. Lasin ɗin nan yana da wa'adi. In ya ƙare tilas mai shi ya halarci kwas na ƙarin ilimi kafin a sabunta masa.

Ma'aikacin lafiya na karkara, wanda ake kira CHEW, shi ma yana da tasa hukumar rajista dabam, wadda aka kafa a 1992. Karatunsa shekara uku ne, na ƙaraminsa shekara biyu. Su ne muka fi tararwa a ƙananan asibitocin ƙauyukanmu, aikinsu kuwa mai daraja ne. Sai dai CHEW dabam, nas dabam, kowa da iyakar abin da aka koya masa. Mai kemis kuma izininsa na sayar da ƙananan magunguna ne kurum. Doka ba ta ba shi ikon yin allura ko ƙarin ruwa ba. Haka nan yarinyar da ta yi shekara biyu tana miƙa wa likita almakashi a asibitin kuɗi, ko da an ɗinka mata farar riga an yi mata walimar yaye, Majalisa ba ta san da zamanta ba.

Inda hasara take

Mun san wani gida a wannan yanki da aka sayar da shanun huɗa biyu aka kai yarinya wata makaranta a birni. Ta yi shekara uku, ta dawo da satifiket mai hatimin zinariya. Da ta kai shi neman aiki, sai aka ce mata makarantar ba ta cikin jerin waɗanda aka amince da su. Shanu sun tafi, shekaru sun tafi, damina ta zo uban yana neman aron garma. Ba su kaɗai abin ya shafa ba. A 2022 Gwamnatin Jihar Kano ta rufe makarantun koyon aikin lafiya 26 masu zaman kansu domin ba su da izini.

Hasarar dukiya ma da sauƙi. Wanda bai koyi aiki sosai ba yakan yi wa yaro allura a kan jijiya ya bar shi da shanyayyiyar ƙafa. Yakan riƙe mai doguwar naƙuda kwana biyu a ɗaki, har ta ƙare da yoyon fitsari ko a rasa ta gaba ɗaya. Babban abin da makaranta ta gari ke koya wa nas shi ne gane alamun haɗari, kamar zubar jini da jijjiga da hawan jini, da sanin lokacin da za ta ce, "Wannan ya fi ƙarfina, a tafi babban asibitin Tudun Wada yanzu."

Hanyar da take daidai

Shiri yana farawa tun daga aji huɗu na sakandare. Dole yaro ya shiga ajin kimiyya, domin ana bukatar kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu na jarrabawar WAEC ko NECO. A nan ne yawancin yaranmu na karkara ke faɗuwa, saboda ƙarancin malaman kimiyya. Da can karatun nas shekara uku ne a makarantar jinya. A 'yan shekarun nan an mai da makarantu da dama kwaleji, ana shiga ta jarrabawar JAMB, a yi difiloma ta shekara biyu, sa'an nan babbar difiloma ta shekara biyu. A jami'a kuwa, kamar Jami'ar Bayero, digirin jinya shekara biyar ne.

Ba sai an yi nisa ba. Gwamnatin jiha tana da makarantar jinya a Madobi da cikin birnin Kano, da ta ungozoma a Dambatta. Ga kuma makarantar koyon aikin lafiya a nan Bebeji, ga mai son zama CHEW. Na ikilisiya ma suna nan, kamar ta asibitin St. Luke's a Wusasa kusa da Zariya, da ta St. Gerard's a Kaduna, da ta ECWA a Egbe.

Kowace kuka zaɓa, ku yi tambaya uku kafin ku biya ko kwabo. Ta fari, sunan makarantar yana cikin jerin da Majalisa ta amince da su? Jerin yana shafinta na intanet, sakataren ƙungiya ko malamin makarantar ƙauye yana iya duba muku a waya. Ta biyu, a wane asibiti ɗalibai ke koyon aiki? Ta uku, yaushe za a ba ɗalibi lambar rajistarsa ta Majalisa? Makarantar da ta ɗauki ɗalibai fiye da adadin da aka yanke mata, rarar ba za su sami lamba ba, wanda ba shi da lamba kuwa ba zai zauna jarrabawar ƙarshe ba. In shugaban makaranta ya fusata da waɗannan tambayoyi, ku ɗauki hularku ku fita.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Kada mu zauna jiran a turo mana nas daga birni. A Fabrairu 2024 magatakardan Majalisar, Faruk Abubakar, ya ce nas-nas fiye da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Da yawansu sun tafi Ingila da Amurka da Saudiyya. Waɗanda suka rage ma sun fi son zaman birni. Wanda zai jure zaman Riruwai ko bakin dajin Falgore shi ne wanda aka binne cibiyarsa a can.

An riga an gwada wannan dabara. Daga 2012 zuwa 2020 wani shiri da Ingila ta tallafa ya yi aiki a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe. Jama'ar ƙauye ke zaɓar 'yarsu, a yi mata karatun share fage har ta cika kiredit ɗinta, ta shiga makarantar jinya ko ta ungozoma, bisa alkawarin za ta komo ta yi wa garinsu aiki. Shirin ya ƙare, amma dabarar tana hannunmu.

Yadda muke tara kuɗin taki, haka za mu iya tara na karatu. A ce ƙungiya mai mutum arba'in, kowa ya ba da tiya biyar ta masara da kaka, an sami tiya ɗari biyu ke nan kowace shekara. A adana ta sai farashi ya tashi da bazara, sa'an nan a sayar. A zaɓi yaro saboda ƙwazonsa, ko da ɗan wanda ya fi kowa talauci ne. A rubuta yarjejeniya a gaban fasto da dagaci da iyaye, a faɗi shekarun da zai yi aiki a gida bayan ya karɓi lasin. Tun da wuri kuma shugabannin ƙungiya su je sashen lafiya na Ƙaramar Hukuma su nemi a ba shi gurbi a asibitin ƙauyensu, gama lasin ba tare da wurin aiki ba zai mai da shi birni ne. Nas ɗin da kuka koyar ba za ta tambayi mai naƙuda addininta ba, saboda haka ku gayyaci maƙwabtanku Musulmi su sa hannu cikin shirin.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku sa wannan magana cikin ajandar taronku na wannan wata, kafin 'yan kasuwa su kwashe hatsin. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.