Mene ne kuɗin sarrafa kaya?

Kuɗin sarrafa kaya shi ne duk abin da mai sana'a ya kashe kafin ɗanyen kaya ya zama hajar sayarwa. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, batun wannan kuɗi bai bar labarai ba.

Akantoci sun kasa shi gida uku. Na farko ɗanyen kaya, kamar gyaɗar da mai matsar mai a Kankiya ke aunowa. Na biyu ladan masu aikin da hannunsu, irin su mai suya da mai matsa. Na uku kuɗin da ba a iya jingina wa kwalbar mai guda: man inji, haya, gyara da tsufan inji.

Kuɗin gyaɗa yana hawa da yawan aiki, haya kuwa tana nan daram ko inji bai tashi ba. Idan aka raba jimilla da yawan kwalabe, sai kuɗin kowace kwalba ya fito, a kansa ake ɗora riba.

Mai walda a Kusada da ya manta kashi na uku zai zaci riba yake ci, alhali uwar kuɗi ce ke zaizayewa. Mai saye ma bai tsira ba, domin idan kuɗin sarrafawa ya ƙaru, ƙarin yakan sauka a kansa.