Bindigar Maƙeri: Arahar da Ke Iya Cin Mai Ita

Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Talata Mafara, Bakura da Maradun, manoma da dama suka koma ga bindigar da maƙera ke ƙerawa saboda araharta. Sai dai ingancinta abin dubawa ne. Galibi bututunta ƙarfen famfo ne, wanda ba a yi shi don jure ƙarfin albarushi ba, don haka yakan tsage a hannun mai harbi. Da damina kuma albarushi kan yi sanyi, ta ƙi tashi a lokacin da rai ke kan siraɗi.

Ga kuma doka. A Yunin 2022 Gwamna Bello Matawalle ya shawarci jama'a su nemi lasisi, amma 'yan sanda suka ce an dakatar da bayarwa. Araha dai ba ta ado.