Daga Bakin Ngadda Zuwa Teburin Mai Shayi

Duk baƙon da ya sauka Yerwa, wato Maiduguri, yana neman dutsen da zai hau, ko bakin teku inda zai tsaya ya sha iska, mutanen gari za su gaya masa cikin ladabi cewa Allah Maɗaukakin Sarki bai ba ƙasarsu rabon ko ɗaya ba. Gama ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya ta rairayi da laka, wadda ko dutsen niƙa sai an kawo mata daga wani wuri, tsakuwar gini kuwa sai motoci sun yiwo dakonta daga nesa. Wanda ya nace sai ya ga dutse mai ƙofa, to, sai ya ƙetare zuwa ƙasar Chadi, inda duwatsun Hajar al-Hamis suke tsaye kudu da Tafkin Chadi, ɗayansu da siffar giwa, da kafa a jikinsa har mutum ya hangi sama ta ciki. Amma duk da haka akwai wata 'yar tafiya a cikin garin nan, wadda ba ta kai sa'a guda ba, daga gadar Gwange a bi gefen kogin Ngadda a ɓullo Kasuwar Litinin, wadda a ganina ta cancanci mai hankali ya yi ta da ƙafa, domin a haƙiƙa bisa gaɓar wani tsohon bahari yake tafiya, ko da bai sani ba.

Bayanin haka shi ne, masana ilmin ƙasa sun tabbatar cewa kimanin shekara 7,000 da suka shige Tafkin Chadi ya taɓa cika ya batse, har faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, igiyar ruwansa kuma ta yi ta tara rairayi a bakin gaɓa ƙarni bayan ƙarni, har ya zama dogon tudu wanda ya bi ta Maiduguri da Konduga da Bama ya shige ƙasar Kamaru. Shi ake kira tudun Bama, kuma hanyar motar da ke zuwa Bama a jikinsa take tafiya. Kogin Ngadda, da ya taso daga kudu ya iske wannan tudu ya tare masa gaba, bai fasa ba sai da ya huda shi daidai inda garin yake yanzu, ya malala cikin fadamar Jere inda ake noman shinkafa. Wannan kafa da ruwa ya yi wa kansa ita ce ƙofar da Yerwa take da ita, ba ta dutse ba ce, amma ta girmi fadar Shehu da dukkan unguwannin da suka kewaye ta, tun da yake garin kansa sai a 1907 aka kafa shi, zamanin Shehu Bukar Garbai. Wanda ke shakkar zancen ruwan nan, sai ya tuna da kwalekwalen Dufuna, wanda wani Bafillatani makiyayi ya tarar yana haƙar rijiya a 1987, a ƙasar Yobe ta yau, tsawonsa ya haura mita 8, aka kuma ƙiyasta shekarunsa wajen 8,000.

Lokacin da ya fi dacewa da tafiyar shi ne bayan sallar asuba a kwanakin hunturu, sa'ad da ruwa ya ja baya ya bar kududdufai. A nan mutum zai iske masu lambu sun riga kowa fitowa, suna ɗibar ruwa suna ba fangalin salat da albasa da alayyafo. Can gaba masu wanki sun shanya manyan riguna bisa rairayi sun danne gefensu da ɓaraguzan bulo. Ga almajirai a gindin darbejiya, kowane da allonsa bisa cinya, suna biya karatu da ƙira'ar nan ta Barno wadda saboda ita iyayenmu na Kano da Katsina suka daɗe suna tura 'ya'yansu gabas neman haddar Alƙur'ani. In mutum ya sunkuya inda ruwa ya zaftare gaɓa, ya damƙi rairayin da hannunsa, zai ji shi lallausa, ba tsakuwa ko ɗaya a ciki. Ban ɓoye ba, wurin yana da ƙazanta, leda da shara sun cika wasu kwazazzabai, abin kuwa yana ɓata mini rai ƙwarai, domin kogin da ya haifi gari bai kamata a mai da shi juji ba.

Daga nan sai hanya ta hau, ƙarar Keke Napep ta karɓi kunne, don tun 2011 aka hana babur a garin, har mutum ya iso kasuwa. Kasuwar Litinin suna ne kawai ya rage mata, kullum ci take yi, kuma a cikinta ne Barebari da Shuwa da Hausawa da Babur da Margi da fataken Chadi da Nijar da Kamaru suke mu'amala, wannan da turaren wuta da humra, wancan da lafaya da hulunan Zanna Bukar. Jarrabawa biyu ta same ta a jere: gobarar da ta tashi cikin dare ranar 26 ga Fabrairu 2023 ta cinye mafi yawan rumfunanta, gwamnatin jiha ta sake gina ta, 'yan kasuwa ba su gama murmurewa ba sai madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumba 2024, ruwa ya biyo ta tsohuwar ƙofarsa ya mamaye Gwange da fadar Shehu da kasuwar baki ɗaya, irin abin da ba a gani ba tun ambaliyar 1994.

A gefen kasuwar, kafin a buɗe ƙofofi, akwai teburin wani mai shayi inda ya kamata tafiyar ta ƙare. Dogon benci ne guda biyu, da tukunya bisa gawayi, da burodi a jere, da gwangwanayen madara an ɗora su kamar hasumiya. Ba ya tambayar wanda ya saba da shi abin da zai sha, baƙo kaɗai yake ce wa, "Malam, mai kauri ko ruwan bunu?" Sai ya ɗaga kofi sama ya tsiyayo shayin cikin wani kofin, ya mayar, ya sake mayarwa, har ya yi kumfa ya huce daidai sha, ƙanshin citta da kanumfari yana tashi. Ɗan dako da mai shagon atamfa benci ɗaya suke zama, in dattijo ya iso kuwa yaro ya miƙe ya ce, "Baba, bismilla, ga wuri." Wanda ba shi da kuɗin yau, akan rubuta masa a wani ɗan littafi da ruwa ya taɓa jiƙawa, shafukansa duk sun kumbura, mai shayin kuma bai yar da shi ba, ko da yake da yawa daga cikin basussukan da ke ciki ya riga ya yafe su tun shekarar ambaliyar 2024.

Hirar teburin ba ta wuce farashin buhun gero da kifin Baga da lafiyar hanyar Damaturu, amma da zarar damina ta kusato sai ta koma kan Alau. Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina madatsar a 2025, mutanen bencin nan kuwa, waɗanda suka kwana bisa rufin ɗaki da 'ya'yansu, suna da haƙƙin su bi diddigin aikin, suna kuma bi. Duk wanda ya fito daga wajen Konduga, inda madatsar take, kafin a miƙa masa kofi sai an tambaye shi inda ruwa ya kai da inda gini ya tsaya.