Ketare iyakar Amurka da Kanada da kwalekwale a bayan mota

A iyakar Amurka da Kanada, mai mota da fasfonsa da takardunsa a hannu ba ya daɗewa. Tambaya uku ko huɗu, a miƙo masa fasfo, ya wuce. Amma idan yana jaye da jirgin ruwa a tirela, to lissafi ya canza, domin jirgin nan ma matafiyi ne, kuma shi aka fi tuhuma.

Na ga haka a mashigar Sweetgrass da Coutts, tsakanin jihar Montana da lardin Alberta, da na raka wani abokina hutun bazara. Kwalekwalensa irin mai tafiya da iska ne, wanda ake kafa wa dogon sanda a ɗaura ƙyalle. Kafin a hau titi sai an kwantar da sandan an ɗaure shi tam, kuma faɗin kayan kada ya wuce mita 2.6, in ba haka ba sai da izini na musamman.

Wajen 'yan duwan abin bai yi tsawo ba. Sun nemi takardar mota, ta tirela da ta jirgin, kowanne da tasa. Suna iya duba lambar nan mai haruffa da alƙaluma 12 da ke jikin jirgi daga baya, su gwada da ta takarda. Babbar tambayarsu ita ce: yawon shaƙatawa za a yi a komo da shi, ko sayarwa za a yi? Idan zai zauna a Kanada, ya zama kayan shigowa, akwai haraji. Sai kuma batun bindiga, da kuɗin da suka kai dalar Kanada 10,000, waɗanda dole a bayyana.

Inda ake daɗewa shi ne tashar binciken jirage. Abin da suke nema wata 'yar halittar ruwa ce mai ɓawo, girmanta bai fi farce ba, ana ce mata zebra mussel saboda zanen jikinta. Asalinta yankin tekun Bahar Aswad da na Kasfiya ne, ta shigo cikin ruwan da manyan jiragen kaya ke ɗiba don daidaita nauyi, aka gan ta a tafkin St. Clair a 1988. Mace ɗaya kan iya zuba ƙwai har miliyan a shekara. Tana manne wa bututun ruwa ta toshe shi, kuma tana iya rayuwa kwanaki da yawa a wajen ruwa in akwai laima da sanyi. A 2013 ta kai tafkin Winnipeg. Alberta kuwa, mafi yawan noman ranin Kanada a can yake, don haka ba sa wasa.

Da abokina ya ce jirgin ya taɓa shiga tafkin Michigan, sai ma'aikaciyar ta gyara tsayuwa. Ta bi cikin jirgin da tafin hannu, ta leƙa ramin da allon ƙasan jirgi ke shigewa, ta duba igiyar anga, har da ƙafafun tirela. Tun 2015 lardin yana da karnuka da aka horar su shinshino halittar. Jirgin da ake zargi, da ruwan zafi mai digiri 60 ake wanke shi. Namu dai busasshe ne, matoshin ramin fitar da ruwa a cire, kamar yadda doka ta ce.

Wani zai ce wannan tsanani ya yi yawa a kan kwalekwalen wasa. Ni ban ga yawansa ba. Duk wanda ya ga yadda ciyawar ruwa ke rufe Kogin Isa a Yamai ya san cewa abin da ya shiga ruwa, fitar da shi ba ƙaramin aiki ba ne. A 2024 Alberta ta ɗaga tarar wuce tashar bincike ba tare da tsayawa ba zuwa dala 4,200, ta barin matoshi a jikin jirgi kuma dala 600.

Ranar komowa ma ba a tsira ba. Montana na da tata dokar, jirgin da ya shigo daga waje sai an bincika shi kafin ya taɓa ruwan jihar.