Tartsatsin Rana da Hasken da Ido Ba Ya Riska

Ranar 1 ga Satumba, 1859, wani masanin falaki a Ingila, Richard Carrington, yana cikin zana baƙaƙen tabban da ke fuskar rana, sai ya ga farin haske ya ɓullo a tsakaninsu, bayan kamar minti biyar ya dushe. Abin da idonsa ya riska kuwa ɓangare ne kawai na al'amarin, domin irin wannan tartsatsin yakan fitar da hasken eksire, wanda ido ba ya riska.

Asalin abin, bisa binciken malamai, maganaɗisu ne. A bisa waɗannan tabban akwai igiyoyinsa masu lanƙwasa kamar baka, waɗanda motsin jikin rana yake ta murɗawa kwana da kwanaki, har idan murɗin ya kai maƙura, sai su tsinke su sake ƙulluwa ta wata fuska. Ƙarfin nan da ya daɗe a tsare kuwa, cikin 'yan daƙiƙoƙi sai ya fizgi ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektoron, ya ingiza su da gudun da yakan kai sulusin gudun haske, ko fiye.

To, abin lura a nan, ba gudun ne ke haifar da hasken eksire ba, tsaikon ne. Ilektoron sukan bi igiyar su gangaro inda iskar rana ta yi kauri, kuma duk wanda ya gifta kusa da cibiyar wata zarra, sai ta karkatar da shi ta rage masa gudu, abin da ya rasa ya fita a siffar eksire. Wannan hikimar ce dai injin hoton ƙirji yake aiki da ita a asibiti. Saboda wannan tsaikon ne hotunan eksire na rana kan nuna ɗigo biyu masu haske a ƙafafun bakan. Sai a Janairun 1992 tauraron ɗan'adam na Japan, Yohkoh, ya ɗauko ɗigo na uku can bisa ƙoƙuwar bakan, wani masani mai suna Satoshi Masuda ya fito da bayaninsa, ya zama hujja mai ƙarfi cewa daga sama ake ingizo ilektoron.

Cikin minti 8 hasken eksiren yake isowa duniya, amma, alhamdu lillahi, iskar sama takan shanye shi. Illa dai mai sauraron gajeren zango da rana tsaka, wanda saboda wannan hasken yakan ji tasha ta ɗauke ɗif, ya yi ta bubbuga rediyonsa yana zargin batir.