Atari: Tuwo Ɗaya, Miya Ashirin da Bakwai

Duk wanda ya taɓa ganin uwar gida ta ciyar da gida guda da cefanen da bai cika kwando ba, ba zai sha wuyar gane wasannin farko na Atari ba. A 1977 ne kamfanin Atari na Amurka ya fito da wani baƙin akwati mai fuska kamar katako, wanda daga baya aka raɗa wa suna Atari 2600. A jona shi da talabijin, a cusa masa kaset, a kama sanda mai jan maɓalli ɗaya, shi ke nan. Kuɗinsa a lokacin wajen dala 200, wasannin da suka fito tare da shi kuwa tara ne kacal.

To amma in ka buɗe kwanon, sai ka tarar tuwon ɗaya ne, miya ake canzawa. Combat, wanda ake ba ka gyara in ka sayi akwatin, an ce wasanni 27 ne a cikinsa. Ƙarya suka yi? Ko kusa. Tankokin yaƙi biyu ne ke harbin juna: yau harsashi ya tafi a miƙe, gobe ya daki bango ya dawo, jibi tankar ta ɓace sai ta yi harbi ka gan ta, gata kuma a mai da su jiragen sama. Kuka, kuɓewa, karkashi. Video Olympics ma ya fi shi iya ciniki, wasanni 50, alhali ƙwallo ɗaya ce dai ake ta bugawa hagu da dama.

Ba rowa ba ce, madafin ne ƙarami. Ƙwaƙwalwar aikin na'urar bayit 128 ce, wato ko saƙon tes ɗaya cikakke ba zai shiga ba. Kayan girkin da aka tanada kuwa 'yan wasa biyu ne, harsashi biyu, ƙwallo ɗaya, sai fili. Ga kuma babbar wahala: babu inda za a ajiye hoto cikakke. Ka ɗauki mai waina da ba ta da kwanon zubawa, daga tanda sai hannun mai saye, ga layi har bakin titi. Haka na'urar ke miƙa wa talabijin hoto layi-layi, daga sama zuwa ƙasa, ta gama ta sake, wajen sau sittin kafin daƙiƙa ta cika. Ta yi jinkiri kaɗan, wainar ta ƙone.

A nan gwanaye suka nuna hannu. Da Space Invaders ya iso a 1980, sai ga dodanni 36 jere a allo. Daga ina? Dabarar gidan biki ce mai faranti biyu: a zuba wa wannan, a wanke, a ruga wa na gaba, baƙi su ɗauka faranti ya wadata. Wannan kaset shi ya sa mutane suka yi rububin sayen akwatin. Sai dai ana yabon tuwo ba a ambaton mai tuƙi, don a lokacin Atari ba ya sa sunan masu ƙirƙira. Ɗaya daga cikinsu, Warren Robinett, sai ya ɓoye nasa a wani ɗaki na sirri cikin wasan Adventure, wasu huɗu kuma tun 1979 suka tattara ludayinsu suka kafa kamfanin Activision.

Ba duka wasanni taran farko ne suka yi auki ba. Basic Math dai darasin lissafi ne aka sa wa rigar wasa, yaro ba ya ruɗuwa. Amma Combat har yau da sauransa. In ka same shi, kada ka kunna kai kaɗai, don na'urar ba ta iya riƙe ɗaya tankar. Kira ƙanenka ka miƙa masa sanda, minti biyu da 'yan daƙiƙu sun isa ya daina ganin girmanka.