Na'urorin Ƙawata Sauti: Me Suke Tsinana Wa Makaɗan Jitar Bes?

A shekarar 1975 wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Aphex ya fito da wata na'ura da ya raɗa wa suna Aural Exciter, ya kuma ƙi sayar da ita. Haya kawai yake bayarwa, dala 30 a kan kowane minti guda na waƙar da aka kammala, wato faifan minti 40 zai ci dala 1,200. Duk da tsadar, manyan ɗakunan ɗaukar sauti sun yi ta rububinta, har sunanta ya bayyana a bangon faya-fayen mawaƙa irin su Linda Ronstadt da James Taylor. Tun daga lokacin ake taƙaddama tsakanin makaɗa da injiniyoyin sauti a kan ko irin waɗannan na'urori sun cancanci kuɗin da ake kashe musu.

A wancan zamani dai akwai dalili. A kan tef ake ɗaukar kiɗa, kuma duk lokacin da aka sake naɗa shi ko aka kwafe shi, siraran sautuka na sama su ne ke fara dusashewa. Duk wanda ya taɓa sauraron kaset ɗin da aka kwafa daga wani kwafin ya san yadda murya ke fitowa tamkar an lulluɓe ta da bargo. Idan aka murɗa maɓallin ƙara zaƙin sauti, abin da ya rage kawai yake ɗagawa, haɗe da huci irin na tef. Ita kuwa na'urar Aphex sai ta gurɓata sashen sama na sautin ɗan kaɗan da gangan, ta haifar da sabbin siraran sautuka, sannan ta yaryaɗa su a kan na asali. A tsakiyar shekarun 1980 kamfanin BBE na jihar Kalifoniya ya biyo da tasa mai suna Sonic Maximizer, wadda ke raba sauti gida uku, ta ɗan jinkirta mai kauri, ta kuma ƙara wa na ƙasa da na sama ƙarfi. Kamfanin ya ce yana gyara ɓarnar da lasifika ke yi ne. Masu sukarsa na cewa galibin abin da kunne ke ji ƙarin ƙarfin ne kurum, wanda maɓallan da ke jikin kowace na'urar ƙara sauti za su iya bayarwa.

Batun ya fi shafar masu kaɗa jitar bes, wato jitar nan mai kaurin amo wadda ke riƙe ƙashin bayan kiɗa tare da ganga. Tsirkiyarta mafi kauri, a mai tsirkiya huɗu, tana girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa guda, alhali kunnen ɗan Adam yana fara ji ne daga wajen sau 20. Ƙaramar rediyo ko wayar salula ba ta iya fitar da irin wannan rugugi ko kusa. To amma tsirkiya ba amo ɗaya take bayarwa ba. Tana goye da waɗansu a ninkinsa, sau 82, da 123, da 164, har zuwa sama. Tun a 1841 masanin nan na Jamus, August Seebeck, ya nuna cewa kunne na iya jin amon tushe ko da kusan babu shi, muddin ninke-ninkensa na nan. Shi ya sa ake gane kaurin muryar namiji a tsohuwar wayar tarho, wadda ba ta ɗaukar abin da ya yi ƙasa da sau 300. A kan wannan ne kamfanin Waves na Isra'ila ya gina manhajarsa ta MaxxBass a ƙarshen shekarun 1990. A nan kam na'urar ta biya kuɗinta, musamman ga mai haɗa waƙar da ya san a waya ko a ƙaramar lasifika za a saurare ta.

A dandalin wasa labarin ya sha bamban. Makaɗi zai jona na'urar a ɗakinsa shi kaɗai, ya ji ƙasa ta cika, sama ta yi ƙyalli, ya ce ya dace. Da zarar ganga da sauran kayan kiɗa sun shigo, sai a neme shi a rasa, domin tsaka-tsakin amo ne ke sa a bambance abin da yake kaɗawa, kuma shi ne ƙarin da aka yi wa ƙasa da sama ke dannewa. Ga shi kuma rugugin ƙasa na cin ƙarfin na'urar ƙara sauti fiye da komai, yana wahalar da lasifika. Sau da yawa ma abin da ke dusashe amon jitar tsufan tsirkiya ne, kuma sabuwa ta fi na'urar araha.

Akwai kuma wata yaudara ta kunne. A 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na cibiyar bincike ta Bell a Amurka sun auna yadda ƙarin ƙara ke sa kunne ya fi jin sautin ƙasa. Kusan duk waɗannan na'urori suna ɗaga ƙara idan aka kunna su, saboda haka mai saye a kanti zai rantse sauti ya gyaru, alhali kuwa ƙarfi ya yi. Injiniyoyi kan daidaita ƙarar biyu tukuna, da na'ura da babu ita, kafin su yanke hukunci, kuma a nan ne bambancin kan ragu ƙwarai.

A ɗakunan ɗaukar sauti, komawa kwamfuta ta kawar da ciwon da aka ƙirƙiro maganin dominsa, tunda kwafi ba ya cinye siraran sautuka. Idan aka cika hannu, sai waƙa ta yi tsini, ta gajiyar da mai sauraro bayan 'yan mintoci. Don haka ne injiniyoyi da dama suka fi son makaɗin bes ya miƙo musu amonsa tsantsa, domin abin da aka riga aka ɗauka da na'urar ba ya ciruwa. Inda take da sauran aiki shi ne farfaɗo da tsofaffin kaset da faya-faye, da kuma fito da muryar mai magana.

A 2015 masu kamfanin Rode na Ostareliya suka sayi Aphex. A 2018 kuma suka saka Aural Exciter a cikin wata ƙaramar na'urar haɗa shirye-shiryen murya mai suna Rodecaster Pro, inda ake kunna ta da taɓa allo, ba tare da biyan ko sisi a kan minti ba.